Minti Ashirin na Agogon Ƙofa

Direba ake ce masa a asibitin, alhali bai taɓa riƙe sitiyarin mota ba. Abin da yake tuƙawa gado ne na ƙarfe mai taya huɗu, ɗaya daga cikinsu kuma tana da taurin kai, kullum hagu take son yi. Idan aka kawo marar lafiya ƙofar sashen gaggawa, shi ne zai tarbe shi, ya ɗora shi, ya tura shi ta doguwar barandar nan har ɗakin da likita yake dubawa. Daga nan ko ɗakin hoto, ko tiyata, ko wancan ɗakin na baya da ba a son ambatonsa. Shekara tara ke nan yana wannan aiki, kuma har yanzu ma'aikacin wucin gadi ne. Duk wata uku sai ya hau bene an sabunta masa takarda. Shekarunsa arba'in da huɗu, dokar asibitin kuwa ta ce wanda ya wuce arba'in da biyar ba a ɗaukarsa aikin dindindin. Ya san wannan, matarsa ta sani, gwiwoyinsa ma sun sani.

Ana nan sai aka kawo sabuwar likita sashen. Yarinya ce a idonsa, siririya, mai tafiya da sauri kamar an aike ta. Ta ƙofar baya take shigowa, inda take ajiye motarta. Ba ta yi sati biyu ba sai ga tebur da kujera an dasa a bakin ƙofar gaba, aka zaunar da wata mata mai tabarau da tarin takardu. Tsohuwar malamar makaranta ce aka ɗauko takanas don wannan aiki, kowa Malama yake ce mata. Duk wanda aka shigo da shi sai ta ɗaga kai, ta sunkuya, ta yi rubutu.

Direba mutum ne da ba ya iya ganin abu ya wuce. Kwana biyu ya daure, a na uku ya jingina gadonsa da bango ya tsaya a kanta.

"Malama, wai me kike rubutawa ne? Mu ake ƙirgawa ko su?"

"Lokaci nake rubutawa, Malam Direba."

"Lokacin wa?"

"Lokacin da marar lafiya ya shigo ƙofar nan. A ciki kuma nas za ta rubuta lokacin da likita ya fara taɓa shi. Sai a cire wannan daga wancan, a ga minti nawa ya yi yana jira."

"Wato guduna ake aunawa."

"Kai da wannan tayar taka mai hagu-hagu? Da kai ake aunawa ai da tuni an rufe littafi."

Ya yi dariya, amma abin bai bar kansa ba. Shi a saninsa bincike sai da kwalabe da jini da madubin nan da ake leƙawa da ido ɗaya. Ashe zama a kujera da biro ma bincike ne. Da ya samu Likita tana wanke hannu, sai ya tambaye ta kai tsaye, don shi bai iya kewaye-kewaye ba.

"Ranki ya daɗe, idan an gama rubuta lokacin nan, wa zai warke?"

Ta dube shi ta gefen ido tana goge hannu. "Tambaya mai kyau, Baba. Na je wa hukumar asibiti na ce ma'aikata sun yi mana kaɗan a sashen nan. Suka ce kowane sashe haka yake cewa. Suka ce in kawo musu lissafi, ba kuka ba. Idan na nuna musu a takarda cewa mutane suna daɗewa kafin a duba su, za su ɗauki sababbin nas, da mai tura gado na dindindin."

"Na dindindin?"

"Na dindindin. Wata uku zan yi ina tattarawa."

Da ya koma gida ranar nan sai da ya maimaita wa matarsa maganar sau biyu. Tana ninke kayan yara, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Maigida, shekara tara ana ce maka an kusa. Bari in ga takarda tukuna." Ya ce wannan daban ce, wannan da biro take yaƙi. Ta ce to Allah ya sa biron yana da tawada.

Tun daga nan ya mayar da binciken kamar nasa. Idan Malama ta tashi kama ruwa, shi yake tsare mata teburin kada iska ta kwashe takardu. Idan an kawo mutum biyu a tare sai ya ɗaga murya, "Malama, biyu ne, kar ki rubuta ɗaya!" Yana tambayarta me ya sa ake sa lamba maimakon suna, me ya sa ake raba masu haɗari da masu ciwon ƙirji, me ya sa ba ta duba wayarta. Ta ce ƙa'ida ce, waya tana cikin jaka a kulle, agogon bango aka ce ta bi, don kowa wayarsa da nata lokacin. Ya gyaɗa kai ya ce lallai masu ilmi sun san abin da suke yi.

Wata uku suka cika ranar wata Litinin. Da hantsi, aiki ya ɗan lafa, ya shiga ɗan ɗakin da ma'aikata suke shan shayi ya tarar da Likita ta buɗe kwamfutarta ta zuba mata ido, shayinta ya huce. Sista, shugabar nas-nas ɗin sashen, tana tsaye a kanta hannu a ƙugu. Mace ce mai jiki, ta girmi kowa a aikin, muryarta kuma tana kaiwa bakin titi.

"Minti tara," in ji Likita. "Lissafi ya ce yawancin mutane minti tara suke jira."

Sista ta ce, "Tara? A wane asibitin? Jiya wata tsohuwa sai da ta gama ba ni tarihin jikokinta kaf kafin ki fito daga kan mai haɗarin nan."

"Ni ma na san ba haka nake gani ba. Amma abin da ke takarda ke nan. Idan na kai wa hukuma wannan ranar Alhamis, lambar yabo za su ba mu, su ce mu rage mutum ɗaya ma."

Direba ya tsaya da kofi a hannu bai zuba komai ba.

Likita ta ci gaba, "Akwai ma abin dariya. Mutum talatin da ɗaya, a takarda na duba su tun kafin su iso asibiti."

"Kin zama mai duba ke nan," in ji Sista.

"Na cire su daga lissafi. Ina zaton 'yan matanki ne, Sista. Idan aiki ya yi zafi ba sa rubuta lokaci nan take, sai daga baya su cike da ka."

Nan fa Sista ta kumbura. Ta ce 'yan matanta suna da laifuffuka da yawa, ita ma tana iya lissafa su, amma a kan katin binciken nan ita da kanta take tsaye musu a wuya. Likita ta ba ta haƙuri, amma ba ta janye maganar ba. Direba ya ajiye kofin ya fita.

Abin ya tsaya masa a rai. Aikin da yake hange yana neman sulalewa, wannan ɗaya ke nan. Na biyun kuma, ya kasa gane yadda za a duba mutum kafin ya zo. Shi ne yake turo su. Shi ne yake tsayawa da su a baranda suna nishi, 'yan uwansu suna zaginsa kamar shi ya ɓoye likita a aljihu. Minti tara ko shayinsa ba ya shanyewa a ciki.

Ko da yake wata ukun sun cika, an bar Malama a teburinta zuwa ƙarshen sati. Sai ya ce bari shi ma ya yi nasa binciken. Ya samu bayan wani tsohon kwalin magani da guntun fensir. Da aka kawo wani mai babur da ƙafa a karye, ya zaro wayarsa a ƙofa ya duba: goma da minti biyar. Ya rubuta. Ya tura shi ciki, suka tarar Likita tana kan wani yaro da numfashi ya sarƙe wa. Suka jira. Da ta juyo ta sa hannu a ƙafar mai babur, ya sake duba waya: goma da talatin da huɗu. Ya ɗaga ido ya dubi agogon ɗakin, shi ma haka ya ce. Ya leƙa katin da nas ta rubuta, daidai. Ya ƙirga da yatsu a bayan ƙofa, minti ashirin da tara. To 'yan matan Sista dai ba su yi ƙarya ba.

Ya sake yi da wata mai juna biyu da jini ya ɓalle wa. Ita da gudu aka tarbe ta, minti shida. Ya sake da wani dattijo, minti talatin da uku. Sai ya koma wajen Malama.

"Malama, don Allah mai babur ɗin nan na ɗazu, me kika rubuta masa?"

"Ba a nuna wa kowa."

"Ba sunansa nake so ba, na san sunansa, har na uwarsa na sani don ita ya yi ta kira. Lokaci kawai."

Ta ja tsaki, ta sa yatsa ta bi layi. "Goma da ashirin da biyar."

"Goma da biyar dai."

"Da ashirin da biyar. Shekara ashirin da shida ina koya wa yara karatun agogo, kai ne za ka gyara mini?"

Ta nuna bango da biro. Ya ɗaga kai. Agogon ƙofa yana nan inda yake, fari, mai baƙin baki, a saman allon sanarwa. Idonsa ya ga sha biyu saura goma, kansa kuma ya karanta masa sha ɗaya da rabi, kamar yadda ya saba yi masa kullum ba tare da ya tambaye shi ba. Sai da ya sake kallo. Nan ya nemi bakin gadonsa ya zauna.

Ga yadda abin yake. Shekara shida da suka wuce, shugabar nas ta wancan lokaci, wadda ta yi ritaya tuni, ta gaji da masu zuwa karɓar aiki a makare. Sai ta kira Direba ta ce ya hau benci ya tura agogon ƙofa gaba da minti ashirin, don duk wanda ya shigo ya gani gabansa ya faɗi. Dabarar ta yi aiki na sati ɗaya. Daga nan kowa ya gano, kowa ya koyi cire ashirin a ransa. Da batir ya mutu aka ce a mayar da shi daidai, sai aka ga wata matsala: mutane sun riga sun saba cirewa, idan aka gyara za su ci gaba da cirewa, a koma makarar da ta fi ta da. Sai aka bar shi. Tun daga lokacin, duk sanda batir ya yi sanyi, Direba ne yake karɓo sabo daga sito, ya hau benci, ya duba wayarsa, ya ƙara ashirin cif. Babu wanda ya sake sa shi, babu wanda ya hana shi. Tsofaffin ma'aikata sun san zancen har sun manta sun sani. Malama baƙuwa ce, abin da ta gani ta rubuta. Likita kuwa ta ƙofar baya take shiga.

"Lafiya, Malam Direba?" in ji Malama.

"Gwiwa ce," ya ce.

Ya samu Sista a ɗakin magani tana jera ledojin ƙarin ruwa. Ya tura ƙofa ya faɗa mata. Ta tsaya da leda a hannu, baki buɗe, sannan ta fashe da dariya har sai da ta dafa kanta. Da dariyar ta ƙare sai fuskarta ta canza.

"Kai, ka san mutumin nan na bene?"

Ya sani. Jami'in ɗaukar ma'aikata take nufi, wanda ya taɓa korar mai shara saboda ta kwance fanka daga wani ofis ta kai ɗakin marasa lafiya. A littafinsa, taɓa kayan asibiti ba tare da izini a rubuce ba, laifi ne, ko da gyara ka yi.

"Ka je ka ce mata agogon ƙofa yana gudu, shi ke nan," in ji Sista. "Agogo ai yana lalacewa. Kar ka ce kai, kar ka ce ni, kar ka tono tsohuwar da take gida tana hutawa. Kai ɗan wucin gadi ne, da layi ɗaya za a share ka."

Shawarar ta yi masa daidai. Ya je ya samu Likita a ofishinta ya ce ya lura agogon ƙofa kamar yana gaba. Ta miƙe, ta bi baranda da saurin nan nata, yana biye. Ta tsaya a ƙasan agogon, ta dubi wayarta, ta dubi bango, ta sake duban wayar. Ta rufe ido.

"Ashirin," ta ce. "Ina ta zargin nas-nas, alhali wata uku ban taɓa tako ƙafa na zo nan na duba ba."

"To ai sai a ƙara wa kowa ashirin, ranki ya daɗe. Tara da ashirin, ashirin da tara." Ya zaro kwalinsa ya nuna mata. "Ni ma abin da na samu ke nan."

Ta karɓi kwalin ta juya shi, har ta ɗan yi murmushi. Sannan ta miƙa masa. "Ba haka ake yi ba, Baba. Agogon da ya lalace ba rana ɗaya yake tsallake ashirin ba. Yau ya ci minti ɗaya, jibi biyu. A watan farko wataƙila biyar ne, wataƙila daidai yake. Ban sani ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba. Aikin wata uku ya tafi."

"A sake mana."

"An ba ni Malama na wata uku ne kawai. Kafin a sake ba ni izini sai baɗi, idan an bayar."

Baɗi yana da arba'in da biyar da ɗoriya. Ya tsaya yana kallonta har ta koma ciki, wannan karon a hankali take tafiya.

Da yamma ya tarar da matarsa a tsakar gida tana wa autarsu tsifa. Ya zauna a kan turmi ya kwashe komai ya faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"Wato idan ka yi shiru babu aikin," ta ce. "Idan ka yi magana akwai aikin, amma wataƙila wani za a ba."

"Har wanda nake da shi ma zai iya tafiya."

"Wa ya aike ka hawa benci shekara shida?"

"An sa ni ne."

"Sau ɗaya aka sa ka. Sauran naka ne, sarkin karambani." Ta ja kan yarinyar ta gyara mata zama. "Ni dai na san ka. Ko na ce ka yi shiru, gobe kafin azahar ka faɗa. Ciki gare ka kamar kwando. Gara ka faɗa da safe da bakinka, kafin ka faɗa wa mai shayi ya kai wa Likita."

Da safe ya tare Likita tun a wajen ajiye motoci, kafin ta kulle ƙofar motar.

"Ranki ya daɗe, jiya rabin magana na faɗa miki. Agogon nan lafiyarsa ƙalau. Ni nake tura shi."

Ta tsaya da makulli a hannu. Ya ba ta labarin tun daga farko, bai rage ba, sai sunan Sista da ya tsallake. Ya zaci za ta yi faɗa. Ta fara, ta ce, "Kai Baba, wane irin..." sai ta yanke. Idonta ya canza, irin yadda yake yi idan an kawo ciwon da ba ta taɓa gani ba.

"Kullum ashirin?"

"Cif."

"Da me kake saitawa?"

"Da wayata."

"A cikin wata ukun nan ka taɓa shi?"

"Sau ɗaya. A wata na biyu, ranar da aka zo feshin sauro. Na ga sandar sakan tana rawa a wuri ɗaya, ban bari ya tsaya ba na canza."

"Kafin ka cire batir, nawa yake gaba?"

"Ashirin. Na duba. Ni ba na son aikin ganganci."

Dariya ta kufce mata, ta toshe baki. Sannan ta ce maganarsa kaɗai ba za ta isa ba, ana bukatar shaida. Ta tambaye shi ko akwai wanda yake ɗaukar hoto a wajen ƙofar nan. Ya ce ai 'yan matan Sista ba su da wajen hoto sai nan, don nan ne haske yake faɗowa da kyau.

Ranar nan sashen gaggawa ya ga abin da bai taɓa gani ba. Tsakanin marar lafiya da marar lafiya, Likita tana bin nas-nas ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su buɗe mata hotunan wayarsu. Ana ta ƙyalƙyala dariya, wata tana rufe rabin waya da hannu tana cewa, "Likita, wannan ba na binciken ba ne, wuce." Direba yana leƙe ta bayan kafaɗa, shi ne mai cewa, "Ga shi can, saman kanta, buɗe shi da yatsa." Kowane hoto waya ta ajiye ranar da lokacin da aka ɗauke shi, agogon kuma yana bango yana faɗin nasa. Suka samu guda bakwai da fuskarsa ta fito sosai, biyu a watan farko, uku a na biyu, biyu a na uku. Duk ashirin. Ɗaya ne ya nuna sha tara da wani abu, Likita ta ce wannan ba komai.

"Saura abu ɗaya," ta ce masa a ofis. Ta ajiye takarda a gabansa. "Dole rahoton ya faɗi dalilin da ya sa na ƙara ashirin, da wanda ya saita agogon. Sai ka sa hannu. Kuma mutumin bene yana cikin masu karantawa. Ba zan tilasta ka ba."

"Karanta mini, ranki ya daɗe. Idona da ƙananan rubutu ba sa shiri."

Ta karanta. Babu ƙari, babu ragi. Ya karɓi biro ya zana sunansa a hankali, harafi bayan harafi, harshe a waje.

Ranar Alhamis ta shiga gaban hukuma da minti ashirin da tara, da mutum talatin da ɗayan nan da ta mayar cikin lissafi. Bayan sati uku aka liƙa sanarwa: ana neman nas biyu da mai tura gado ɗaya. Mutum goma sha huɗu suka nemi na gadon, yawancinsu samari masu ƙirji kamar ƙofa. Direba ya sa rigarsa mai kyau ya hau bene ya zauna a layi tare da su, ɗaya har yana ce masa, "Baba, ɗanka ka rako?"

Jami'in mutum ne busasshe, teburinsa babu ko ƙura. Takardar da Direba ya sa wa hannu tana gabansa, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin wasu wurare.

"Kai ne mai agogo."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka izini?"

"Na farko an sa ni da baki. Sauran ni na sa kaina."

"Ka san ka kusa lalata binciken asibiti?"

"Na sani. Da na san za a yi bincike da shi da na faɗa tun ranar da aka kawo tebur. Ban haɗa biyun a kaina ba sai daga baya."

"Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Babu. Amma da babu wannan layin na waje."

Jami'in ya dube shi ta saman takarda. Ya tambaye shi yadda ake ɗaga wanda ake zaton ya karye a baya, da abin da zai yi idan tukunyar iskar numfashi ta ƙare a tsakiyar baranda. Wannan kam Direba ko a barci aka tashe shi zai amsa. Har ya miƙe yana nunawa da hannu, sai da aka ce ya zauna. Aka ce ya tafi, zai ji.

Kwana goma bai ji ba. A na sha ɗaya aka kira shi bene. Jami'in ya tura masa ambulan biyu a kan tebur.

"Wannan takardar ɗaukar aiki ce. Wannan kuma gargaɗi ne na farko, a kan taɓa kayan asibiti. Ba na iya ba ɗan wucin gadi gargaɗi a rubuce, ba shi da fayil, kora kawai ake yi. Yanzu kana da fayil. Sa hannu a wannan tukuna, sannan wancan."

Direba ya sa hannu a duka biyun. Ya tambaya ko gargaɗin yana goguwa. Aka ce bayan shekara biyu, idan bai sake hawa benci ba. Aka ba shi 'yar takarda ya kai sito a ba shi kayan aiki.

Mai sito ya ɗauko riga biyu da wando biyu ya dire a kan kanta, sannan ya juya wajen takalma.

"Lamba nawa kake sawa?"

Direba ya dubi ƙafarsa. Takalman roba da ke ƙafar wani ne ya bari da ya bar aiki, na gabansu ma haka.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Kawo uku in gwada."

Ya zauna a kan kwali, ya cire na ƙafarsa, ya fara da na tsakiya.